Gasar Man Kifi Tsakanin Baba da Inna

Diffa Kura,
ranar Lahadi, cikin watan Satumba.

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Yaya Sufyan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Falmata da 'yar takwarar Inna. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali a can Beljik, Ya sa albarka a cikin aikinka, Ya tsare ku daga sanyin nan da kake ba mu labari, wanda har yau Inna ba ta yarda akwai irinsa a duniya ba. Mu nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana, kogin Komadugu ya cika maƙil amma bai shigo wa kowa gida ba a unguwarmu. Maigidana Mahamadu ya warke daga zazzaɓin da na faɗa maka, har ya koma biro, wato ofishinsu. Ni kuma ina ta shirin komawa lakwal, makarantar da nake koyarwa, an ce bana 'yan aji ɗaya za a ba ni, ka taya ni da addu'ar haƙuri. Ƙaninmu Abba ya yi baƙi ƙirin saboda ranar gona, in ka gan shi sai ka ɗauka wani ne.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda alhali kusan kullum muna magana a waya. Inna ce ta sa. Ta ce kai kullum kana saurin tafiya aiki, mu kuma rezo, wato layin waya, yana ta yankewa, shi ya sa labarin ƙwayoyin man kifin da ka aiko ya riƙa iso maka guntu-guntu. Ta ce in zauna in rubuta maka shi tun daga farko, kuma in tabbata na rubuta cewa ita ce ta ci gasar. Baba yana jin haka daga inda yake alwala ya ɗaga murya ya ce in rubuta gaskiya kawai. To ga gaskiyar nan, kai ka yanke hukunci.

Tun rasuwar Baffa Zayyad a lokacin sanyin da ya wuce muka gane hankalinka bai kwanta ba. Mu da muke nan mun ga komai da idonmu, mun yi kuka tare, mun karɓi gaisuwa tare. Kai kuwa sai dai aka kira ka aka ce ƙanin mahaifinka ya faɗi a kasuwar tattasai yana tsakiyar awo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutumin da ya fita gida yana raha da safe. Daga ranar, duk kiran da za ka yi sai ka tambayi ko Baba yana jin ciwo a ƙirji, ko yana haki, ko me ya ci. Saboda haka da Albarka ɗan maƙwabcinmu Mushe Pierre ya sauko daga kar, babbar motar fasinja ta Yamai, da kwalinka a tsakiyar bazara, ni na san abin da ke ciki kafin a buɗe, ko da ban san kamanninsa ba.

Inna ce ta fara buɗe kwalba ɗaya. Ta zuba ƙwayoyin a tafin hannunta, suna ƙyalli kamar duwatsun wuya na zinariya, ta ce kai, wannan ai ya fi kyau a sa masa zare a rataya. Na karanta musu abin da ke jikin kwalbar, na ce sunansa omega uku, kuma daga kifi ake tatso shi. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ciro 'yar wuƙarsa ya huda guda, ya shinshina, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tuntsire da dariya har sai da hularsa ta faɗi. Ya ce wato shi Mainasara, wanda aka yaye shi da romon tarwaɗa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana loda banda a mota, shi ne yau ɗansa ya aiko wa man kifi daga ƙasar Turawa cikin jirgin sama. Ya ce saura ka aiko masa da tattasai a cikin ambulan. Kada ka ji haushi, Yaya. Wallahi tun rasuwar Baffa ba mu ji irin wannan dariyar a bakinsa ba, ko don ita kaɗai kwalinka ya yi amfani.

Kamar yadda ka ce, ban bari kowa ya fara sha ba sai da aka auna jini. Na kai su wata kilinik da ke kusa da lakwal ɗinmu, wurin Likita Matta, wata 'yar Dogon Dutse mai fara'a da ta daɗe tana aiki a nan. An ce su zo da safe ba su ci komai ba. Baba ya ce wanda ya saba da azumin bazara a Diffa ba za a tsorata shi da rashin karin kumallo ba. Da rizulta, wato sakamakon awon, ta fito, likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tsantsa, ba ta ɓoye a bayan Faransanci ba. Ta ce kitsen da ke yawo a cikin jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira tirigiliserid, wanda yawan sukari da zaman wuri ɗaya ke ƙara shi. Akwai kuma kolesterol, shi ma kashi biyu ne, ɗaya mai liƙewa a jikin hanyoyin jini yana ƙuntata su, ɗaya kuma mai bi yana sharewa. Ta ce na Inna duk suna daidai. Na Baba ma kolesterol ɗinsa lafiya lau, tansiyonsa, wato awon hawan jini, kamar na saurayi, tirigiliserid ɗin ne kawai ya hau bakin iyaka, bai tsallake ba amma ya leƙa.

Sai na nuna mata kwalbar. Ta juya ta, ta karanta, ta ce abu ne mai kyau ba na jabu ba, amma kada mu ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Ta ce aikin da aka fi sanin man kifi da shi shi ne sauke tirigiliserid, kuma ya fi nuna kansa ga wanda nasa ya hau sosai. Ga mai lafiya, saukar kaɗan ce. Kolesterol mai liƙewa kuwa ba ya sauke shi, wani lokaci ma sai ya ɗan ɗaga shi. Ta ƙara da cewa akwai wani ɗan'uwansa, omega shida, a cikin man gyaɗa da riɗi, wanda in mutum ya sa shi a madadin man shanu da kitsen nama yakan taimaka wajen rage mai liƙewar. Inna ta gyara zama ta ce ashe ta daɗe tana ba mu omega ba ta sani ba. Likitar ta tambaya ko akwai mai shan maganin tsinka jini a cikinsu, muka ce babu, ta ce to wanda yake so ya sha, babu laifi, su dawo bayan wata uku a sake aunawa.

Nan fa Baba ya ce shi ba zai haɗiyi kifi a ƙwaya ba alhali ga kifi a kasuwa. Likitar ta ce hakan ma daidai ne, cin kifin ya fi mata daɗi, sai dai ya sani kifin ruwan daɗi bai kai na teku yawan wannan man ba, sardin na gwangwani ma ya fi shi. Yaya, da ka ga fuskar Baba. Har muka iso gida yana mita, wai an zauna a ofis an ce kifin gwangwani ya fi na Tafkin Cadi. A daren... a'a, da yammar ranar ce ka kira, na gaya maka maganar bakin iyakar nan, hankalinka ya tashi, ka roƙi Baba ya yi maka alkawari ba zai sake taka gona ba sai an yi awo na biyu likita ta ce babu komai. Ya yi maka alkawarin cikin sauƙi, don a lokacin kogi a bushe yake, babu abin yi a gona sai kallon yashi.

Haka gasar ta fara. Inna ta ce ita za ta sha ƙwayar ɗanta, Baba ya ce shi zai ci kifin ubansa, a ga jinin wanda zai fi kyau. Gida ya rabu biyu. Abba ya bi Baba, don ya san duk ranar da aka dafa kifi zai samu kai. Ni na ce alƙali ce, ba ni da ɓangare.

Matsalar farko zafi ne. Kafin mako ya zagayo ƙwayoyin sun fara laushi suna manne wa juna, ga kuran, wato wutar lantarki, ba ya tsayawa balle a dogara da firigo. Inna ta tona rami a cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa ta binne kwalbar har wuya, kullum da safe ta tono ta kamar mai ɓoyon dukiya. Matsala ta biyu gyatsa ce. In ta sha, bayan ɗan lokaci sai ƙarnin kifi ya taso mata, Baba kuwa yana zaune yana jira, sai ya ce wa Abba ya leƙa waje ya gani ko motar banda ce ta tsaya a ƙofar gida. Daga baya likitar ta ce ta riƙa sha a tsakiyar cin abinci, abin ya yi sauƙi, Baba ya rasa abin tsokana.

Matsala ta uku ita ce ta fi ba ni wahala. Labari ya bazu a unguwa cewa ɗan Inna Fati ya aiko da maganin narkar da kitse daga Turai. Mata suka fara sallama. Wata tana so don gwiwa, wata don ido, wata don mijinta mai tumbi. Ana cikin haka wata ƙawar Inna ta zo ta kama ta gefe, ta ce mata ta yi hattara, in maganin nan ya gama da kitsen jini kan na jiki zai juya, ta wayi gari kamar sanda, mutane su ce Malam Mainasara ba ya ciyar da ita. Inna ta tsorata ƙwarai. Ta ce jikin da ta yi shekaru tana tarawa ba za ta bari a narkar mata da shi a wata uku ba. Kwana biyu ba ta tono kwalbar ba. Sai da na koma wurin Likita Matta na ɗauko muryarta a waya tana rantsuwa cewa ƙwayar ba ta rame da kowa, kuma ba maganin gwiwa ba ce, sannan Inna ta ci gaba, matan unguwa kuma suka rage sallama.

Shi kuwa Baba ya ɗauki gasar da gaske. Da kansa yake zuwa kasuwa ya zaɓo banda, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya danna wancan da babban yatsa, ya ce wa mai kifi ya ba shi mai maiƙo don magani zai yi. Wata rana na shigo na tarar da gwangwanin sardin a buɗe a bayan buhun gero, an lashe shi tas. Na tambaya, Baba ya ce bai san zancen ba, wataƙila kyanwa ce. Inna ta ce lallai kyanwar nan ta iya buɗe gwangwani da wuƙa.

Duk wannan wasa ne, Yaya, har ranar da kogi ya iso. Bana ruwan ya zo da wuri. Ka san shekarun da muka yi ba ma iya zuwa gonarmu ta wajen Assaga saboda halin rashin tsaro da aka shiga, ka kuma san bara ce shekarar farko da Baba da Baffa Zayyad suka koma suka share gonakinsu da ke jere da juna. Da aka ce ruwa ya wuce ƙarƙashin gada, gari ya ɗauki murna, masu injin ban ruwa suka fara gyara, kowa yana maganar irin tattasai da dashe. Abba ya riƙa tafiya shi kaɗai. Baba sai ya raka shi bakin titi, ya tsaya har motar ta ɓace, ya dawo ya zauna a gindin dogon yaro. Da yamma in Abba ya dawo, sai ya tsare shi da tambaya, ina ruwa ya kai, irin ya yi ganye nawa, wa da wa suka fara dashe. Tsokanar Inna ta tsaya. Kifin ma sai ya ci kaɗan ya ture. Na ce masa bari in kira ka in roƙa ka sake shi, saura 'yan makonni ne kawai. Ya ce a'a. Ya ce yaron nan yana can shi kaɗai da tsoronsa, abin da ya roƙa ke nan, ba zai karɓe masa ba. Inna ma ta daina zancen gasa, ta riƙa dubansa ta gefen ido.

Ranar randebu, wato ranar komawa awo na biyu, ya ƙi shiga adaidaita, ya ce ƙafafunsa sun yi tsatsa, da ƙafa za mu je. Inna ta yi gaba da Abba, ni da shi muka biyo a hankali. Muna cikin tafiya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce Nazifa, ai ba don Sufyan kaɗai ya zauna ba. Ya ce tun ranar da ya ɗauki ƙaninsa daga ƙasa a kasuwa, duk sanda ya sunkuya ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi sai ya ce to, ga tasa ta zo. Ya ce Zayyad ƙaninsa ne, shi ya goya shi, in ƙarami ya tafi haka, babba me yake jira. Dariyar da ya yi wa ƙwayoyinka ma, in ji shi, rabinta dariya ce, rabinta kuwa don kada mu ga abin da ke ransa. Na riƙe masa hannun riga kawai kamar yadda nake yi ina ƙarama, muka ƙarasa.

Washegari muka koma karɓar rizulta, mu huɗu, kamar masu zuwa jin sakamakon jarrabawa. Likita Matta ta fara da Inna. Ta ce tirigiliserid ɗinta ya ɗan sauka, da ma can lafiya yake, kolesterol mai liƙewa ya ɗan motsa sama kaɗan, wanda bai kai a damu ba, mai sharewa kuma yana nan kusan inda yake. Wato dai abin da ta faɗa tun farko, mai lafiya ta sha, ta kuma tashi da lafiyarta. Sannan ta ɗauki ta Baba, ta yi murmushi, ta ce nasa ya baro bakin iyaka ya dawo tsakiyar gida, saukarsa ma ta fi ta Inna. Baba ya miƙe tsaye a cikin ofishin mutane. Ya ce Allahu akbar, a rubuta, a kuma aika Beljik, kifin Tafkin Cadi ya kayar da na kwalba.

Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta gyara mayafinta ta ce wa likitar tana da tambaya, shin rage sukari yana sauke wannan tirgilin, don haka take kiransa. Likitar ta ce ƙwarai kuwa, sosai ma. Inna ta ce to, tun ranar awon farko da ta ji an ambaci sukari, ta riƙa rage wanda take zuba masa a shayi kaɗan-kaɗan, har ya koma rabin abin da ya saba, kuma shayin nan ka san sau nawa Baba yake shansa a yini. Sai Baba ya ce, wato shi ya sa. Ashe, Yaya, ya je har butik ɗin Al-Amin, shagon da muke sayen sukari, ya yi masa faɗa, wai sukarin da yake sayarwa yanzu ba shi da zaƙi, an gauraya shi da wani abu, shi kuwa bawan Allah yana ta rantsuwa buhun da ya saba saye ne. Abba ya fita waje da gudu don dariya. Likitar ma sai da ta cire tabarau ta share hawaye.

Da aka natsu, Baba ya ce to a faɗa masa wa ya ci. Likitar ta ce ba ta da ikon raba wannan gardama. Ta ce mutum biyu ba sa isa a gane aikin magani, masu bincike ɗaruruwan mutane suke tarawa, ga shi kuma an haɗa kifi da rage sukari a jiki ɗaya, kuma awon kansa yakan ɗan bambanta daga rana zuwa rana. Abin da ta sani kawai shi ne su biyun lafiyarsu ƙalau. Inna ta ce ita dai ta san hannun da ya riƙe cokalin sukari.

Sai Baba ya sassauta murya ya tambaye ta zancen Baffa. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa tambayoyi, a nan ne ma na fara jin cewa an taɓa gaya wa Baffa yana da hawan jini, aka rubuta masa magani, ya sha na ɗan lokaci ya bari da ya ji sauƙi. Ta ce ba za ta iya cewa tabbas abin da ya ɗauke shi ke nan ba tunda ba ta duba shi ba, rai kuma a hannun Allah yake, amma hawan jinin da aka bari ba magani abu ne mai haɗari, kuma ba man kifi ne ke tare shi ba. Ta sake auna tansiyon Baba, ta saurari ƙirjinsa, ta ce ba ta ga abin tsoro ba, ya dai riƙa zuwa ana dubawa lokaci-lokaci. Abu ɗaya ne bai yi mata daɗi ba, sikeli ya nuna ya ƙara nauyi, tumbi ya fara leƙowa. Ta tambayi me yake yi a watannin nan, aka ce zama. Ta ce to ta rubuta masa magani, ya tashi ya koma gonarsa, don zaman nan ya fi komai yi masa illa, sai dai ya riƙa hutawa in rana ta take, ya sha ruwa sosai.

Kashegari tun da sassafe ya riga Abba shiryawa. Ranar babu abin da ya tsare ni, sai na bi su. Yaya, rabona da ganin kogin nan a cike haka har na manta. Ruwa ja-ja yana tafiya a hankali, injuna suna ta ƙara a gaɓa, mutane a sunkuye ko'ina. Ana ganin Baba aka fara ɗago kai ana kiran sunansa, wasu da Hausa wasu da Barbarci, ana ce masa sun ɗauka ya yi ritaya. Ya tuɓe takalmi ya shiga gonarmu, ya duba aikin Abba, ya ce layukan sun karkace amma ba laifi. Daga nan sai ya tsaya a kan iyaka yana kallon gonar Baffa. Ciyawa ta rufe ta, don ɗansa Auwalu yana karatu a Damagaram, matar Baffa Iya Adama kuma ba ta da mai yi mata. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tambayi Abba ko akwai sauran iri. Abba ya ce akwai da yawa. Ya ce to a fara da nan, gonar Zayyad ba za ta kwana shekara ba komai a cikinta yana raye. Maƙwabtan gona da suka ga ya ɗauki fartanya, ba wanda ya kira su, suka riƙa tsallakowa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan kwanaki aka share ta aka dasa. Da aka gaya wa Iya Adama, ta zo gida ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya hana ta, Baba ya ce ta tashi, tattasan marayu ne, shi ɗan ƙwadago ne kawai.

Yanzu haka da nake rubutun nan gonakin biyu sun yi kore shar, an ce sun kusa fara fure. Baba yana dawowa da yamma da laka har gwiwa, ya ci tuwo ya ƙara, ya yi barci kamar jariri. Ya je ya ba Al-Amin haƙuri a gaban mutane. Shayin kuma ya ce a bar shi yadda Inna ta mayar da shi, wai yanzu in an cika sukari har ƙyanƙyami yake ji, ko da yake ni ban yarda da wannan ba.

Saura saƙo biyu. Na farko daga ni da likita, kada ka sake wahalar da kanka da aiko ƙwayoyin nan. Inna za ta ƙarasa abin da ya rage don ta ce ba za a zubar da kyautar ɗanta ba, amma bayan haka kifi da man gyaɗa da aikin gona sun ishe su. Na biyu daga Baba ne, kuma ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa. Likita Matta ta tambaye mu shekarun wanda ya aiko da maganin da irin aikinsa, muka ce ka haura arba'in, kuma a zaune kake yini. Ta ce gidan da aka samu hawan jini da mutuwar farat ɗaya, 'ya'ya ma ya kamata su riƙa auna kansu. Saboda haka Baba ya ce shi ya cika alkawarinka bai tauye ko kwana ɗaya ba, alhali ruwa yana wucewa a gabansa. Yanzu kai ma yana neman nasa. Ka je a auna tansiyonka da kitsen jininka kafin watan nan ya ƙare, ka kira shi da bakinka ka faɗa masa abin da aka gani. Ya ce ka kwantar da hankalinka a kansa, shi yana gona, kuma yanzu shi ne zai riƙa tambayarka me ka ci.

Inna tana gaishe ka da kyau da kyau, ta ce a shafa mata kan takwararta, a kuma riƙa yi mata Hausa kada ta zo tana kallonmu. Baba yana sa muku albarka. Abba, Mahamadu, Iya Adama da yaranta duk suna gaisuwa, haka Mushe Pierre da matarsa Madam Lydia, da Albarka wanda ke tambayar ko akwai wani kwalin da zai ɗauko. Ka miƙa gaisuwata ta musamman ga Anti Falmata. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Taka ƙanwa mai kewarka kullum,
Nazifa Mainasara.